Kwana da na'urar CPAP a sansanin Tiga: yadda aikin batir ke tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

An tsayar da ranar sansanin ɗalibanmu 'yan sikawut. Kwana uku za a yi a gefen madatsar ruwa ta Tiga, daga Juma'a 20 ga Disamba, bayan an ba da hutu. Ina cikin malaman da za su kwana da yaran, kuma inda za a kafa tantuna babu wuta ko ta kunna ƙwan fitila ɗaya.

Damuwata ita ce na'urar da nake barci da ita. Ina da ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci. Naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya na daƙiƙa goma ko fiye, sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja iska da ƙarfi, ya koma barci bai ma san ya farka ba. A ma'aunin likitoci, idan hakan bai kai sau biyar a awa ba lafiya lau ne. Biyar zuwa sha biyar mai sauƙi. Sha biyar zuwa talatin matsakaici. Daga talatin kuwa abin ya yi tsanani. Nawa ya haura talatin. Na'urar CPAP ba oksijin take bayarwa ba, kamar yadda masu zuwa duba ni suke zato. Iskar ɗaki take zuƙa, ta tace, ta turo ta tiyo zuwa takunkumin da ake ɗaurawa a hanci da ɗan matsi, matsin nan ya riƙe maƙogwaro a buɗe. Wani likita a birnin Sidni na Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar, ya wallafa sakamakonsa a 1981. Ba ta warkar da ciwon. Daren da ka ajiye ta, daren yake dawowa.

Abokin aikina ya ce, "Haba Malam, kwana uku ne fa, ka bar ta a gida mana." Na ce masa ni zan tuƙo ɗaya daga cikin motocin ranar dawowa, da yaran mutane a baya, a kan titin Zariya. Wanda ya yi dare uku yana shaƙewa ba shi da hurumin riƙe sitiyari. Janareto kuma ba ya cikin lissafi: ƙararsa za ta hana sansani barci, hayaƙinsa kusa da tanti kuwa kisa yake yi shiru. Saura batir.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kafin in sayi komai sai na san abin da na'urar ke ci. A jikin cajarta an rubuta wat 90, amma wannan iyakar abin da cajar za ta iya bayarwa ne, ba abin da ake ja kowane lokaci ba. Na ari ƙaramar mita ta sakawa a soket wurin mai gyaran lantarki na unguwarmu, irin wadda ke ƙirga wat-awa, wato ma'aunin jimlar wutar da aka sha.

Na'urar tawa AirSense 10 ce ta kamfanin ResMed, matsinta na yawo tsakanin 8 da 12. Tana da tankin ruwa da hita a ƙasansa domin jiƙa iskar, tiyon ma yana da waya a ciki mai ɗumama shi. Da na kwana da komai a kunne yadda na saba, mita ta nuna wat-awa 230 da safe. Da na kashe hitar tanki da ta tiyo, sai ta nuna 66. Na tsaya ina kallon lambar nan. Ashe fankar da ke yin ainihin maganin ba ta cin komai. Kusan kashi uku cikin huɗu na wutar a ɗumama ruwa da tiyo yake tafiya.

Wannan shi ne abin da zan so duk mai irin na'urar nan a Kano ya sani, ko ba zai je daji ba, domin mu kullum cikin ɗaukewar wuta muke.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Hanya mafi kusa ita ce in ɗauki inbatar gida da batirinta, in jona cajar na'urar kamar yadda nake yi a ɗaki. Na gwada jiya da dare, hita a kashe. Ta yi aiki, amma da mai gyaran ya zo da safe ya sa mitarsa a wayar batir, sai ya nuna min abin da ban lura da shi ba: inbatar, ko babu abin da aka jona mata, tana shan fiye da amfiya ɗaya don kawai tana kunne. A dare guda wannan ya haura wat-awa 100. Wato ita kanta ta fi na'urar ci.

Ya zana min abin a bayan kwalin ashana. Batir na ba da bolt 12 na wutar DC. Inbata ta ɗaga shi zuwa 230 na AC. Cajar na'urar ta sake sauke shi zuwa bolt 24 na DC, domin shi na'urar ke amfani da shi. Ya ce, "Malam, kamar ka je Wapa ne ka canza naira zuwa sefa, ka tsallaka shago na gaba ka mayar da sefar naira. Kowane canji sai an ci wani abu a kanka." Shawararsa ita ce a cire inbata daga hanya gaba ɗaya, a nemi na'urar da ke ɗaga 12 zuwa 24 kai tsaye.

Ya kuma ja kunnena kan ƙananan inbatoci masu araha da ake sayarwa don mota. Wutarsu ba santsi gare ta ba kamar ta soket, a gutsuttsure take fita, kuma tana iya lalata hitar tankin wasu na'urorin. Mai dole sai ya yi amfani da inbata, to ya nemi mai tsaftatacciyar wuta.

Akwai wani ƙulli a nan. Bakin cajar AirSense 10 yana da siririn tsinke a tsakiya, ta nan na'urar ke gane wace irin caja aka jona mata. Ba za ka yanko waya ka ba ta bolt 24 haka kawai ta karɓa ba. Kamfanin yana yin tasa na'urar ɗaga wutar, wato konbata, mai bakin soket ɗin mota, wadda ke karɓar 12 ko 24. Ita na sa ƙanina da ke Legas ya nemo min. Masu na'urar CPAP irin DreamStation ta kamfanin Philips sun fi mu sauƙi, tasu bolt 12 take ci, waya kawai suke buƙata.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau na wuni tsakanin France Road da shagunan sola na Sabon Gari. Zaɓi biyu ne a gabana.

Batirin dalma mai ruwa ko wanda aka rufe, mai 100Ah (amfiya-awa, ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), shi ne mai araha kuma ko'ina akwai shi. Sai dai nauyinsa ya kusa kilo 30, kuma in kana son ya daɗe ba za ka sha fiye da rabinsa ba. Saboda haka abin da kake da shi a zahiri wajen wat-awa 600 ne. Batirin mota kuwa bai ma shigo maganar ba. An yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci ya tayar da inji, in aka riƙa zuƙe shi har ƙasa ba ya kai labari.

Ɗayan shi ne litiyam irin na LiFePO4. Ƙwayoyi huɗu ne a ciki, kowace bolt 3.2, jimla 12.8. Mai 50Ah yana ɗauke da wat-awa 640, kusan duka za ka iya sha, nauyinsa kuma bai wuce kilo shida da ɗoriya ba. Yana jure caji da sauka sau dubbai, kuma a cikin dangin litiyam shi ne mafi wuyar kamawa da wuta, abin da ya dame ni ƙwarai tunda kusa da kaina zai kwana a cikin tantin leda. A cikinsa akwai allon kariya da ke yanke wuta in caji ya yi yawa, ko ya yi ƙasa sosai, ko waya ta haɗu.

Kuɗinsa ya yi zafi, har sai da muka zauna da uwargida muka yi shawara ta waya ina tsaye a bakin shago. Ita ce ta yanke maganar: ta ce ba na kwana uku ba ne, bayan sansani a gefen gado zai zauna, kuma ita ta san yadda dare yake in wuta ta ɗauke na'urar ta tsaya. Na sayi mai 50Ah. Mai 30Ah ma zai isa dare uku in babu hita, amma ina son rarar da zan iya kunna hitar in hanci ya matsa.

Na yi sharaɗi da mai shagon cewa zan gwada shi, in bai cika abin da aka rubuta ba zan dawo da shi. Ya ɗan ɓata rai, amma ya rubuta a rasit. Rubutun jikin batir a kasuwar nan ba hujja ba ne.

Talata, 19 ga Nuwamba

Gwajin cika. Na yi masa caji da cajarsa har ta tsaya, sannan na jona ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55 ta cikin mitar da ke ƙirga amfiya-awa. Na rataye ƙwan a jikin ƙusa a zaure, nesa da komai, don zafinsa na iya ƙona tabarma. Tun bayan sallar asuba yake ci, yara na ta leƙowa suna tambaya me ya sa Baba ya kunna fitila da rana, har bayan la'asar allon kariya ya yanke. Mita ta tsaya a 48Ah. Na gamsu.

Wani abu da gwajin ya nuna: ƙarfin batirin ya zauna tsakanin bolt 13.2 da 12.9 kusan duk wunin, sai dab da ƙarshe ya faɗo da sauri. Da batirin dalma kana iya duba bolt ka ƙiyasta abin da ya rage. Da wannan ba za ka iya ba. Dole mitar ƙirga ta zauna a jikinsa dindindin.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Jiya konbata ta iso ta hannun direban motar haya. Da yamma muka haɗa komai da mai gyaran a cikin akwatin roba na kayan aiki. Fiyus mai amfiya 10 a kan jar waya, dab da kan batir, ba can nesa ba; ya ce in waya ta goge ta haɗu, duk tsawon da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaro. Waya mai kauri milimita 2.5, gajeriya. Soket ɗin mota guda a gefen akwatin don konbata, da wani ƙaramin na USB don waya da tocila. Ya rufe kawunan batirin da roba, ya huda ƙananan ramuka a murfi don iska.

Bakin soket ɗin mota yana da halin zamewa in an ɗan ja shi. Muka ɗaure shi da guntun robar tayar keke. Ba kyau a ido, amma ko an girgiza akwatin ba ya motsi.

Daren jiya a kan batir, hita a kashe, na kuma sa na'urar a yanayin jirgin sama don ta daina neman layin aika bayanai: wat-awa 54. Lissafin dare uku bai kai 170 ba cikin 640.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na kafa tanti a tsakar gida na kwana a ciki, don gwaji a ɗaki ba ya faɗin gaskiyar waje. Wuta ba ta ba ni matsala ba ko kaɗan. Hunturu ne ya ba ni. Wajen ƙarfe uku na farka hancina a bushe ƙamas, yana raɗaɗi, maƙogwaro kamar an goga masa yashi. Iskar Disamba a Kano ba ta da laima, ga sanyi, kuma na'urar na tura ta cikin hanci babu tsayawa har gari ya waye. Da hanci ya toshe sai baki ya buɗe, iska ta riƙa zurarewa, fanka ta ƙara gudu don cike giɓin. Rahoton da na'urar ta nuna da safe ya tabbatar da zurarar ta yi yawa, cin wutar ma ya hau zuwa 70.

Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa "kashe hita kawai, shi ke nan" ba. A ƙasar da iskarta ke da laima watakila haka ne. A nan, cikin hunturu, kashe hita na iya sa mutum ya tumɓuke takunkumin cikin dare bai sani ba, ya tashi da cikakken batir da ciwon kai.

Na je wurin likitana ranar Juma'a dama, na kuma kira shi yau. Ya ce maganin yana cikin matsin iskar, hita don jin daɗi ce da kare hanci, saboda haka babu laifi a rage ta, amma kada in taɓa lambar matsi don neman sauƙin batir. Ya ba ni shawara uku da zan gwada: in zuba ruwa a tanki ko da hita na kashe, domin iskar da ta ratsa ta saman ruwa tana ɗan kwasar laima; in fesa ruwan gishiri na hanci da ake sayarwa a kemis kafin in kwanta; in kuma bai isa ba in kunna hitar a mataki na ɗaya ko na biyu. Ya hana ni shafa man basilin a cikin hanci, wanda shi ne abin da kowa ke yi a nan da hunturu. Ya ce yana lalata robar takunkumi, kuma ba a son maiƙonsa ya riƙa bin iska zuwa huhu.

Ruwan tanki kuma tatacce ake so. Kada wani ya je wurin masu cajin batir ya ce a ba shi ruwan batir don ya ji an ce shi ma tatacce ne. A wurinsu har mai asid ana kira da sunan, kuma galan ɗaya ke yawo tsakaninsu. Na sayi nawa a kemis.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ruwa a tanki, hita a mataki na biyu, ɗumama tiyo a kashe: wat-awa 125, hanci lafiya. Amma da asuba na ji tiyo na ƙara ƙurrr, ruwa ya taru a ciki har yana ɗigo min a leɓe, saboda iska mai ɗumi ta haɗu da bangon tiyo mai sanyi. Uwargida ta ɗinka masa riga da tsohon bargon jarirai, doguwa kamar hannun riga, na kuma shigar da shi cikin bargona. Na sauke na'urar ƙasa da inda kaina yake domin abin da ya taru ya gangara tanki. Daren jiya shiru.

Da wannan tsarin dare uku zai ci 375. Ya shiga, har da rarar cajin waya.

Lahadi, 8 ga Disamba

Sola ba dole ba ce ga wannan tafiyar, amma maƙwabcina ya ba ni aron faranti mai wat 100 da kwantirola mai saitin litiyam, wadda ke tsayar da caji a bolt 14.4. Na jingina shi yana kallon kudu, tunda a watan nan rana ta can take bi. Jiya da hazo ya rufe gari ya ba da wat-awa 240. Yau gari ya ɗan washe, na kuma goge ƙurar fuskarsa sau biyu, ya ba da 330. Ko a rana mara kyau yana mayar da fiye da abin da dare ya ci. Batirin dai a inuwa zai zauna, zafi ne ke rage masa kwana.

Asabar, 21 ga Disamba, Tiga

Mun iso jiya bayan sallar Juma'a, mai gari ya nuna mana fili a kan ɗan tudu ana hango ruwa. Da dare na ba yaran tarihin madatsar: a zamanin Gwamna Audu Bako aka gina ta a kan Kogin Kano, aka gama a 1974, kuma ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da muka ratso a hanya.

Na ɗora na'urar a kan murfin akwatin batir don kada ta zauna a ƙasa tana zuƙar turɓaya, na daidaita ta da ɗan dutse a ƙarƙashi saboda tankin ruwa ba ya son karkata. Duka na sa su cikin gidan sauro tare da ni. Sanyin bakin ruwa ya fi na gari nesa ba kusa ba, amma iskar ta fi laushi. Na fara da hita a mataki na ɗaya, ban kuma buƙaci ƙari ba. Mita: 96. Rahoton na'ura: tsayawar numfashi ƙasa da sau biyu a awa.

Da safe wani yaro ɗan aji biyu ya tsaya a bakin tanti ya ga takunkumi a hannuna, ya ce, "Malam, ba ka da lafiya ne?" Na zaunar da su na nuna musu yadda take aiki, na bar su suka sa tafin hannu a bakin tiyo suka ji iskar. Wani ya ce babansa in yana minshari har sai ya yi shiru kamar ya mutu, sannan ya ja da ƙarfi, su kuma su yi ta dariya. Na ce masa ya gaya wa mahaifiyarsa ta lura da shirun nan, kuma a gaya wa likita. Mu nan minshari abin tsokana ne, alhali wannan irin yana tafe da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ga gyangyaɗi a kan tuƙi.

Litinin, 23 ga Disamba

Mun dawo lafiya, na tuƙo ido a buɗe tun daga Tiga har Ƙofar Nassarawa. Dare na biyu ya ci 101, na uku 130 saboda iska ta taso da ƙura na ƙara hita. Sola ta riƙa cike giɓin kowace rana duk da wayoyin malamai huɗu da aka yi ta jonawa, batirin bai taɓa sauka ƙasa da kashi 70 ba. Da ban kai farantin ba ma da ya isa.

Abin da ban shirya masa sosai ba shi ne filta. Sabuwa fara tas na sa ranar Juma'a, yau na ciro ta ja-ja-wur kamar an tsoma ta a kunun kanwa da ƙasa. Guda ɗaya ta canji na tafi da ita. A hunturu a waje ya kamata mutum ya riƙe ta kowane dare biyu. Soket ɗin mota kuma zan cire shi in sa mahaɗi mai kullewa, don robar tayar ta fara tsagewa.

Kawuna da ke shirin aikin Hajji, mai irin na'urar, ya aiko a tambaye ni ko zai tafi da akwatin nan saboda kwanan Mina da Muzdalifa. Ba zai yiwu ba: ƙa'idar jiragen sama ita ce batirin litiyam da bai wuce wat-awa 100 ba a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, nawa kuwa 640 ne. Nasa tsarin dabam zai zama, ƙananan batura biyu 'yan ƙasa da 100 kowanne, hita a kashe. Ranar Asabar zan kai masa mitar soket mu fara auna abin da tasa na'urar ke ci.